Corvette ZR1: Dawaki 1,064, Amma Linzamin a Hannun Wa Yake?

A watan Oktoba na 2024, a wani filin gwajin motoci da ke Papenburg a arewacin Jamus, Mark Reuss, ɗaya daga cikin manyan shugabannin kamfanin General Motors na Amurka, mai ƙera motar gudu ta Corvette, ya saka hular kwano, ya shiga sabuwar Corvette ZR1 da kansa, ya taka totur har ƙasa. Da aka haɗa gudun zuwa da na dawowa aka raba biyu, lissafi ya tsaya a mil 233 cikin awa guda, wato kilomita 375. Dattijon da ya kai shekara sittin, mai ofis da tulin takardu a gabansa, shi ya yi wannan sukuwa. Tun daga ranar bakin masu sha'awar motoci bai huta ba. Wasu na cewa Amurka ta kunyata Turai, wasu na cewa wannan ai ba Corvette ba ce, wasu kuma na tambayar ina za a kai irin wannan gudu.

Ina cikin masu son motar, kuma ba zan ɓoye ba. Amma da na daɗe ina sauraren gardamar, sai na ga an fi ɓata yawu a kan lambobi da kuma inda aka dasa inji, an bar tambayar da ta fi damuna: motar nan, wa aka ƙera wa, kuma hannun wa za ta ƙare?

Bari in fara da abin da ke cikinta, don wanda bai bibiyi labarin ba. Inji ne mai silinda takwas, lita 5.5, suna kiransa LT7. An haɗa masa turbo guda biyu, wato farfeloli da hayaƙin salansa ke juyawa su riƙa cusa iska da ƙarfi cikin inji, kuma wannan ne karon farko da Corvette ta fito daga masana'anta da turbo. Ƙarfinsa ya kai na dawaki 1,064, yana kuma iya juyi har sau 8,000 a minti ɗaya. Karanshaf ɗinsa, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji, irin na motocin tsere ne, shi ya sa muryarsa take tashi sama da kaifi, ba ta yin gurnanin nan mai kauri da aka san motocin Amurka da shi. Da hannu ake haɗa kowane inji a Bowling Green da ke jihar Kentucky, garin da ake ƙera Corvette tun 1981. Daga tsaye zuwa gudun mil 60 ba ta cika daƙiƙa biyu da rabi. Hatta but ɗin gaba da sauran 'yan'uwanta ke da shi, a ZR1 an sadaukar da shi, an huda bonet don iska ta ratsa ta sanyaya inji ta kuma danne gaban motar a ƙasa. Kuɗinta na farko da aka sanar, dala 174,995.

Masu cewa ba Corvette ba ce, ƙorafinsu ya girmi ZR1. Ya faro ne tun 2019, lokacin da aka fito da zubi na takwas aka ɗauke inji daga gaba aka mayar da shi bayan kujerar direba. Shekara sittin da 'yan kai mutane sun saba da dogon bonet a gabansu, direba na zaune can baya kamar mahayi a kan kuturin doki. Rana guda aka sauya siffar, motar ta koma kama da na Italiya. Na ga wannan da idona a Abuja, a bakin wani wurin cin abinci, inda aka ajiye wata ja ƙaramar zubin, Stingray. Samari sun kewaye ta suna leƙen injin ta gilashin baya, kowa na cewa Ferrari ce, har sai da wani ya durƙusa ya ga tutoci biyun nan da ke hancinta ya karanta sunan. Na fahimci abin da ke ci wa tsofaffin masoyanta rai. Motar da a da ake gane ta tun daga nesa, yau sai an karanta suna.

Duk da haka ina ganin sun yi kuskure, kuma tarihin motar da kansa ne ke ƙaryata su. Corvette ta farko, ta 1953, guda 300 kacal aka yi a garin Flint na jihar Michigan, dukkansu farare da jan ciki. Injinta silinda shida ne mai ƙarfin dawaki 150, giyarta atomatik mai hawa biyu. Kyau kamar amarya, gudu kuwa babu. Wanda ya sa mata jini a jika shi ne Zora Arkus-Duntov, injiniyan da aka haifa a Beljiyam ya tashi a Rasha, wanda ya ga motar a bajekolin New York a farkon 1953, ya rubuta wa kamfanin takarda, aka ɗauke shi aiki. Wannan mutumin da ake kira uban Corvette, kusan duk rayuwarsa ta aiki ya yi ta ne yana roƙon a mayar da inji tsakiya. Tun 1960 ya ƙera motar gwaji mai suna CERV I a kan wannan tsari. Manya suka yi ta ƙi saboda kuɗi, ya yi ritaya a 1975 bai ga burinsa ba, ya rasu a 1996, tokar gawarsa tana ajiye a gidan tarihin Corvette da ke Bowling Green, tsallaken titi da masana'antar. Wanda ya ce inji a tsakiya cin amanar Corvette ne, da Duntov yake jayayya.

Kuma dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tuƙa a-kori-kura babu kaya a kan jiƙaƙƙen titi. Tayoyin baya ne ke tura mota, in babu nauyi a kansu sai su yi ta juyi a banza suna hayaƙi. ZR1 ta 2019, ta ƙarshe mai inji a gaba, tana da dawaki 755, kuma a nan aka ga iyakar tsohon tsari: ƙarfi ya yi yawa, ƙasa ba ta karɓa. Da aka ɗora nauyin inji a kan tayoyin baya, sai ƙaramar Stingray mai dawaki ƙasa da 500 ta riƙa tashi daga tsaye kamar an harba ta da baka. Ba don kwaikwayon Turawan Italiya aka yi ba. Hanya ce ta ƙare, aka bi wadda ta rage.

Abin da ya sa Corvette ta zama Corvette, a ganina, alkawari ne da ta daɗe tana riƙe da shi: gudun da attajirin Turai ke saye da dukiya mai yawa, ma'aikacin Amurka zai same shi da kuɗin da in ya daure ya tara zai iya biya. Mai aikin famfo, tsohon soja, malamin makaranta da ya yi ritaya, su ne suka riƙe motar nan shekara da shekaru. Ta wannan ma'auni ZR1 ba ta saɓa alkawari ba, ko da yake kuɗinta ya fi ƙarfin waɗannan mutane. A 2005, da Bugatti ta fito da Veyron mai dawaki 1,001, sai da ta haɗa silinda goma sha shida da turbo huɗu, kuɗinta kuma ya haura dala miliyan ɗaya. Shekara ashirin bayan nan, ga Chevrolet, reshen General Motors mai ƙera Corvette, kamfanin da ke ƙera motocin ɗaukar kaya na manoma, ya zarce wancan ƙarfi da rabin silindar, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ko a cikin gida Amurka, Ford ta fito da Mustang GTD mai dawaki 815 a kan sama da dala 300,000, kuma sai ka cika takardar nema sun duba sun ga ka cancanta kafin su sayar maka.

Da aka je Nürburgring kuwa, wannan zagayen na Jamus mai tsawon kilomita kusan 21 da ya ratsa daji da tuddai, wanda duk mai ƙera motar gudu ke zuwa ya gwada kansa, GTD ta yi minti 6 da daƙiƙa 52 a hannun ƙwararren ɗan tsere. A 2025 ZR1 ta yi minti 6 da daƙiƙa 50 da 'yan kai. Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda suka tuƙa: injiniyoyin kamfanin ne, mutanen da suka yi shekaru suna gyara birkinta da gwada tayoyinta. Mai abu ya hau abinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin mutanen da ke bayan motar.

To amma alkawarin nan yana tsaye ne a kan takarda. Farashin da kamfani ya rubuta daban, wanda mai saye ke tararwa a wajen dillali daban. A Amurka kamfanin mota ba ya sayar wa mutum kai tsaye a yawancin jihohi, sai ta hannun dillalai, kuma dillali na da ikon ɗora abin da ya ga dama a kai. Lokacin da Z06, wata Corvette da ke tsakanin Stingray da ZR1 a ƙarfi, ta fito, an ga yadda ake ƙara dubban daloli, wani lokaci dubun dubata, a kan motar da mutum ya yi shekara yana jiran layinsa. Sai kuma 'yan kayi-na-yi, masu karɓar mota yau su sayar gobe da riba. Abin ya yi tsanani har a 2022 General Motors ta sanar cewa wanda ya sayar da irin waɗannan motoci da wuri, garantin ba zai bi sabon mai ita ba. Matakin ya yi kyau, amma bai taɓa dillalin da ya tsawwala tun farko ba. Da masu sha'awar motoci za su juya rabin fushin da suke yi a kan siffar bonet su ɗora shi a nan, da sun yi wa motar hidima.

Akwai kuma masu saye su kulle. Sabuwar ZR1 ta farko da aka ƙera don sayarwa, Rick Hendrick, attajirin dillalin motoci, ne ya saye ta a gwanjo a farkon 2025 a kan dala miliyan 3.7, kuɗin kuma na agaji ne, don haka ba ni da ta cewa a kansa. Waɗanda ke damuna su ne na bayansa, masu sayen motar su lulluɓe ta da mayafi a gareji mai na'urar sanyi, suna lissafin nawa za ta kai nan da shekara goma, suna tsoron kada mitar tafiya ta motsa. Injiniya ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman yadda inji zai jure juyi 8,000 ba tare da ya tarwatse ba, sai motar ta ƙare a hannun wanda ba zai taɓa wuce 3,000 ba. Dokin da aka ɗaure a turke shekara da shekaru, ana ba shi dawa ana goge masa jiki ba a hawa, kowa ya san yadda ƙafafunsa ke komawa. Mota ma haka take: roba ta bushe, mai ya lalace a tanki, taya ta taurare.

Wuri ɗaya da na tsaya tare da tsofaffin masoya, tsayuwa ta gaske, shi ne maganar giyar hannu. Tun zubi na takwas babu Corvette mai kuloci. Giya ce mai hawa takwas da kwamfuta ke canzawa, in ka so ka taɓa wasu 'yan fikafikai a bayan sitiyari. Ta fi hannun kowane ɗan Adam sauri, wannan babu musu. Amma ni a Peugeot 504 na koyi mota, irin wadda a da ake haɗawa a Kaduna, kawuna na zaune a gefe. Ina tuna wata rana da yamma a kan ɗan hawa, motar ta mutu mini sau uku a jere, ana ta yi mana hon daga baya. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Yaro, daina kallon ƙafarka. Saurari injin, shi zai gaya maka lokacin da za ka saki.” Na rufe bakina na kasa kunne, na ɗaga ƙafar hagu a hankali har na ji motar ta ɗan yi rawa, muryar injin ta sauka, gabanta ya ɗaga kaɗan kamar tana neman izini. Na ba ta wuta, muka haye. Daga ranar na san mota tana magana, kuma tuƙi hira ce tsakanin mutum biyu.

Wannan hirar ce aka rage. Kamfanin ya ce masu sayen giyar hannu sun yi ƙaranci, kuma ƙera sabuwa don inji na tsakiya zai ci kuɗi. Hujja ce, amma ba ta gamsar da ni ba. Porsche ta taɓa cire giyar hannu daga 911 GT3 a 2013, masu saye suka tayar da ƙura, a 2017 ta dawo da ita, kuma aka yi ta saye. General Motors ɗin kanta tana sayar da Cadillac CT5-V Blackwing mai dawaki 668 da giyar hannu mai hawa shida. Ban ce a saka kuloci a mota mai dawaki dubu ba, wataƙila wannan ya wuce ƙafar mutum. Amma Stingray fa? Motar da ake saye don jin daɗin hanya ranar hutu, wadda ba ruwanta da kafa tarihi a Jamus, me zai hana a bar wa mai ita zaɓi? Daƙiƙa ɗayan da zai rasa, shi ya san abin da ya samu a madadinta.

Daga nan maganar ke kaiwa ga waɗanda ke tambayar ina za a kai wannan gudu, kuma bai kamata masu son motoci su yi musu dariya ba. Mafi girman gudun da doka ta yarda da shi a duk faɗin Amurka mil 85 ne, a kan wata hanya guda a Texas. ZR1 tana ninka wannan kusan sau uku. Ƙasar kuma tana rasa mutane wajen 40,000 kowace shekara a haɗarin hanya. Lasisin da yaro ɗan shekara goma sha shida ke karɓa ya tuƙa ƙaramar motar gidansu, shi ne dai lasisin da doka ke nema a wajen mai ZR1. A da, mota mai ƙarfi tana tsorata mai ita tun kafin ya kai ga halaka: sitiyari ya yi nauyi, baya ya fara wutsil-wutsil, jikinka ya gaya maka ka sassauta. Ta yanzu kwamfuta na gyara maka kuskure ba tare da ka sani ba, tana rage wuta a nan, tana taɓa birkin taya ɗaya a can, sai ka ɗauka gwaninta ce taka. Ranar da kuskuren ya fi ƙarfin kwamfutar, gudun da kake kai ya riga ya wuce wanda ake tsira.

Mu ma nan mun san wannan ciwo, ko da motocinmu ba su kai rabin wannan ƙarfi ba. Na taɓa tsayawa a gefen titi ranar ɗaurin auren wani, samari na wasa da motoci suna juyi a tsakiyar jama'a, taya na ƙara, ƙura ta turnuƙe, yara na tafi. Mota ɗaya ta ƙwace ta yi kan masu kallo, Allah ya taƙaita ta tsaya a jikin kwalbati. Yaron da ya fito daga ciki jikinsa na ɓari, bai ma san me ya faru ba. Ƙarfin yana ƙarƙashin ƙafarsa, sanin yadda ake riƙe shi ne babu.

Chevrolet na da makarantar koyon tuƙin gudu da take hulɗa da ita a Spring Mountain, a jihar Nevada, mai ɗauke da sunan tsohon ɗan tseren Corvette, Ron Fellows, kuma sababbin masu motar na samun sauƙin kuɗin shiga. Kwana biyu ne a fili, da malami a gefe, ana koya maka inda za ka kalla, lokacin da za ka taka birki, da yadda mota ke yi in ta fara zamewa. Ra'ayina shi ne ga mota mai dawaki sama da dubu, wannan bai kamata ya zama na ganin dama ba. Kamfanin da ya iya gindaya sharaɗi a kan sayar da mota da wuri, zai iya gindaya sharaɗin zuwa makaranta kafin a miƙa makulli. Wasu za su ce tauye 'yanci ne, mutum da kuɗinsa. Amma titin ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai mai keke, akwai uwa da 'ya'yanta a bayan mota. Kuma wanda ya je makarantar ya fi kowa morar abin da ya saya, don a can ne kaɗai zai taka totur har ƙasa babu ɗan sanda babu fargaba.

Ana cikin wannan gardama ma sai kamfanin ya ƙara wata. A 2025 ya fito da ZR1X, wadda aka ƙara wa injin lantarki a tayoyin gaba, ƙarfinta ya kai dawaki 1,250, kuɗinta ya haura dala 200,000, ta kuma rage wa ZR1 daƙiƙa ɗaya da 'yan kai a Nürburgring. Na yaba da aikin, amma zuciyata ba ta motsa kamar yadda ta motsa da farko ba. Lamba in ta wuce wani mataki, jiki ba ya iya bambance ta. Tsakanin 1,064 da 1,250, babu titin da mutum zai ji bambancin, sai a teburin hira.

Ni idona yana kan ƙasan layin. Camaro ta tsaya a ƙarshen 2023, Challenger ma haka, Viper tun 2017 aka rufe babinta. Motocin gudu da talakan Amurka ke iya mafarkin saye suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Stingray ta fito a 2019 da farashi ƙasa da dala 60,000, abin da ya girgiza duniyar motoci a lokacin, a 2025 ta kai wajen 70,000. Duk shekara tana ɗan matsawa sama, kuma duk matsawar da ta yi, akwai wani makaniki a Ohio ko direban babbar mota a Tennessee da ke cire ta daga lissafinsa. Shi ne mutumin da zai wanke ta da hannunsa ranar Asabar, ya ɗauki matarsa su yi tafiyar kilomita ɗari biyar don kawai su ji iska, ya dawo da ƙwari manne a gilashi da ƙura a tayoyi. In za a tambaye ni wace Corvette nake so in ga an yi gaba, ba mai dawaki 1,500 ba ce. Stingray ce mai kuloci da giya shida, a farashin da wannan mutumin zai iya biya, a wajen dillalin da ba zai ƙara masa ko sisi a kai ba.